Zaman gandu a ƙarni na 19: tambayoyi da amsoshi kan gida, lafiya da labarin maƙwabta

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi game da yadda manomi da iyalinsa suka rayu a ƙasashen Kano, Zazzau da Katsina, daga jihadin 1804 zuwa shigowar Turawa a 1903. Amsoshin sun karkata ga ƙauye da gona, ba ga fada ba. Al'ada takan bambanta daga gari zuwa gari, saboda haka abin da muka kawo shi ne wanda ya fi yawa.

Mene ne gandu, kuma me ya raba shi da gayauna?

Gandu ita ce babbar gonar gida, kuma da sunan ake kiran tsarin zaman kansa: uba da 'ya'yansa maza, har waɗanda suka yi aure, ko wa da ƙannensa, suna noma tare suna ci daga rumbu ɗaya. Ana fita da safe, a yi ta aiki har azahar. Daga nan kowa ya kama gabansa. Wanda yake da gayauna, wato ɗan filin da mai gida ya yanka masa, sai ya nufe ta da yamma, kuma abin da ya samu a can nasa ne, ko ya sayar ko ya ajiye.

Mutane kan ɗauka mai gandu sarauta kawai yake yi. Nauyin da ke kansa ya fi na kowa. Shi zai ciyar, shi zai ba da iri, shi zai je wurin maƙeri ya gyara fartanya da garma, shi zai biya kuɗin ƙasa, shi zai yi wa saurayi auren fari, kuma in an haihu ragon suna a wuyansa yake. Ranar da ya kasa yi wa ɗa aure shekara biyu ko uku a jere, ranar ce ɗan yake fara tunanin ware tukunyarsa.

Gaskiya ne bayi ne suke yin yawancin noman?

A gonakin sarakuna, masu sarauta da manyan attajirai, gaskiya ne. Sarkin Kano yana da gandaye a wurare irin su Fanisau, Ɗorayi da Nasarawa, kuma a Zazzau akwai rinji da yawa, wato ƙauyen da aka zaunar da bayi don noma, da sarkin gandu mai lura da su. Talaka kuwa yawanci da hannunsa da na 'ya'yansa yake noma. In ya sami wadata ya sayi bawa ɗaya ko biyu, sai su shiga sahu ɗaya da 'ya'yan gida.

A rinji aikin ubangiji yakan fara da hantsi ya ƙare da azahar, ana kai abincin rana gona, sannan bawa ya koma tasa gayaunar. Akwai murgu, inda bawa zai yi sana'arsa yana biyan ubangijinsa wani abu da aka yanka, akwai kuma fansa, inda zai tara ya sayi kansa. Kada wannan ya sa a ɗauka abin da sauƙi. Wanda aka kamo a yaƙi an raba shi da iyayensa da harshensa, ana iya sayar da shi ranar da ubangijinsa ya shiga bashi, kuma 'ya'yan da ya haifa, cucanawa, a hannun ubangijin suke tashi. Sai a 1901 Turawa suka yi shelar cewa duk ɗan da aka haifa daga lokacin ɗa ne, ba bawa ba, bautar kanta kuwa ba a soke ta gaba ɗaya ba sai 1936.

Yaya aikin shekara yake tafiya?

Da bazara ake sharar gona, a tara kara da ƙaya a ƙone, a yi ta jigilar taki a mangala bisa jaki. Wanda ya yi dabara tun da rani ya riga ya shirya da Bafillace ya kwana da shanunsa a gonar, ya ba shi hatsi. In ruwan shuka ya sauka, mutum ɗaya yana gaba da sungumi yana sara rami taku-taku, na baya yana jefa iri yana rufewa da diddige. Masu gaggawa sukan yi binne, su shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa. In ruwan farko ya zo da ƙarfi sun riga kowa. In yayyafi ne kawai ya jiƙa irin sannan rana ta buɗe, iri ya tsiro ya ƙone, sai an sake, kuma ba kowa ne yake da irin sakewa ba.

Gero da dawa a gona ɗaya ake haɗa su, daga baya a sa wake a tsakani. Mako biyu zuwa uku bayan tsiro sai noman fari, sannan maimai, sannan huɗa da garma. Garmar hannu ce, domin ta shanu sai zamanin Turawa ta shigo. A wannan tsakanin ne shekara take yin kyau ko ta lalace, domin ciyawa ba ta jiran kowa. Wanda aiki ya fi ƙarfinsa sai ya kira gayya, ya dama fura, ya yi tuwo, a zo da gangar noma, samari su yi ta gasa a kan kunya.

Gero yakan nuna cikin wata uku, shi ne mai kashe yunwar damina. Dawa da maiwa sai da kaka, in iskar hunturu ta fara kaɗawa. Auduga da baba su ne na kuɗi. Mai fadama kuma da rani yana da albasa, alkama, rake da taba.

Abokan gaba sanannu ne: fari, fara, jan baki mai sauka a kan zangarniya, burtuntuna mai mai da tsabar dawa baƙin gari, da wuta-wuta, wadda take bayyana a gonar da ta gaji. Maganin ta ƙarshen shi ne taki ko a bar gonar ta huta.

Me ya sa ake rufe rumbu alhali ana jin yunwa a gida?

Wannan ita ce dabarar da ta riƙe gandu. Bayan girbi ana ɗaure hatsi dami-dami, a fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, sannan a cika rumbu. Babban rumbun gandu sai a liƙe shi, ba za a taɓa ba sai damina ta kama, domin lokacin ne ake bukatar mai riƙe fartanya ya ƙoshi. Da rani ana lallaɓawa da abin da aka raba wa mata, da na gayauna, da abin da sana'a ta kawo. Samari da yawa sukan tafi cin rani, almajirai su bi malaminsu, bakin ci ya ragu a gida. Gidan da ya kasa haƙuri ya buɗe rumbun da wuri, shi ne za ka ga mazansa suna ƙwadago a gonar wani a daidai makon da tasu take neman noma.

Rumbun ana ɗora shi a kan duwatsu don gara da laima, a yi masa jinka. Hatsi a zangarniyarsa ake ajiye shi, ba a sussuke ba, domin a haka gero yakan yi shekaru bai lalace ba. Wake shi ne mai wuyar sha'ani, ƙwaro yana shigarsa tun daga gona, shi ya sa ake cuɗa shi da toka ko yashi a tukunya a liƙe baki. Manomin da ya kai ga dami dubu a shekara ɗaya ya yi abin faɗa, a wasu wurare ma biki ake yi masa.

Yaya gidan kansa yake?

Daga waje zaure, inda mai gida yake karɓar baƙi, nan kuma masaƙi ko mai ɗinkin hula yake zama. Bayansa fili da ɗakin samari da turken jaki, sai shigifa, sannan cikin gida: kowace mace da ɗakinta, ga murhu, ga turmi, ga randa, ga rumbuna. Yawanci ɗakunan zagayayyu ne na tubali da jinkar ciyawa, a kewaye gidan da dangar kara ko zana. Soro mai azara na mai hali ne. Gini da yaɓe da sabunta jinka aikin rani ne, wanda ya yi sakaci kuwa ruwan Agusta zai tuna masa.

Ba ashana. Wuta da ƙyastu ake yin ta, amma yawanci yaro ake aika maƙwabta da kasko ya ɗebo garwashi. Fitila ta kasko ce, da man kaɗe ko man gyaɗa da lagwanin auduga. Gobara da hunturu, ga jinka ga dangar kara ga iska, tana iya cinye unguwa da rumbunanta kafin a ɗebo ruwa daga rijiya.

Matan ƙauye suna cikin kulle ne, ko suna zuwa gona?

Ya danganta da gidan. Matan malamai da na masu hali, waɗanda suke da bayin da za su ɗebo ruwa da itace, sun fi zama a gida. Matar talaka tana zuwa rijiya, tana kai abinci gona, tana shiga shuka da roron wake da tsinkar auduga. Tsofaffi suna da 'yan gonakinsu. Matan Maguzawa kuwa noma suke yi sosai, da gonarsu da rumbunsu.

Ko da kulle ko babu, hatsi ba ya zama tuwo da kansa. A sussuka, a sheƙe, a surfa, a bakace, a wanke, a niƙa a dutse ko a daka a turmi, a tankaɗe. Wannan kullum ne. Mai kishiya tana samun sauƙi, domin girki kwana bibbiyu ne, ranar da ba nata ba ta sami sararin sana'arta.

Babbar sana'ar ita ce kaɗi. A gurje auduga a kan dutse da ɗan ƙarfe a fitar da angurya, a shiɓe ta da baka, sannan a kama mazari, ana shafa alli a yatsu don zaren ya yi ta zamewa. Zaren nan shi masaƙa suke saye, shi yake zama ƙyallen da ake rinawa a karofin Kano da Kura, har ya kai ga Buzaye a hamada. Kuɗin zare, da na daddawa, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli da fura, na matar ne, miji ba shi da iko a kai. Da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki, da shi take sayen akuya, da shi take yin biki, wato in ƙawarta ta kawo mata gudummawa ranar suna, ita kuma ta ninka mata in nata ya zo.

Me ake ci, kuma me babu a lokacin?

Da safe koko ko ɗumamen tuwo, da rana fura, da dare tuwon dawa ko na gero da miyar kuka, kuɓewa ko yakuwa. Nono daga matan Fulani, sau da yawa musaya ake yi da hatsi. Nama sai ranar kasuwa, ko suna, ko layya. Daddawa ita ce ran miya: a dafa kalwa har ta yi laushi, a surfa a cire ɓawo, a wanke, a sake dafawa, a rufe da ganye a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku, sannan a kirɓa a shanya. In sanyi ya shige ta ba ta ruɓa yadda ake so, sai ta fito ba ƙamshi.

Gishiri daga nesa yake zuwa, kantun Bilma a kan raƙuman Abzinawa, da manda da kanwa daga wajen Barno, shi ya sa ake tattalinsa. Goro fatake ne suke kawo shi daga Gwanja, tafiyar watanni, talaka yakan gan shi ne a wurin biki. Shayi, burodi da sukarin kanti ba su cikin abincin manomi. Zaƙi daga zuma, rake, takanɗa, garin ɗorawa da maɗin ɗinya ake samunsa.

Da wane kuɗi ake ciniki, kuma nawa ne haraji?

Da wuri. Ana ƙirga shi a ƙasa biyar-biyar, dubu ana ce mata zambar, dubu ashirin kuma keso guda. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canza riyal ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Ya rubuta cewa kuɗin ƙasa wuri 2,500 ne a kan kowane magidanci, kowace rijiyar rini kuma 700. Zuwa ƙarshen ƙarnin wuri ya yi yawa, darajarsa ta faɗi, haraji kuma ya hau. Ban da kuɗin ƙasa akwai zakkar hatsi, kuɗin shuka a kan amfanin fadama, jangali a kan shanu, da jiziya a kan Maguzawa. Jakadan hakimi ne yake zuwa karɓa ta hannun dagaci, kuma saukarsa da abincin dokinsa duk a kan ƙauyen suke.

Yaya haihuwa da jego suke?

Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta. A durƙushe ake haihuwa, kuma kunya takan hana mace yin ƙara ko kiran mutane da wuri. Ungozoma yawanci aikinta bayan ɗa ya faɗo ne: ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya a bayan ɗaki, ta wanke jariri, ta yi ta gasa cibiyar har ta faɗi. Daga nan wankan jego, safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganyen tsamiya ko runhu, kwana arba'in, wasu har su zarce. Darbejiya da ake amfani da ita yanzu ba ta zo ƙasar ba sai zamanin Turawa. Tanadin itacen wankan nan aikin miji ne, tun ciki yana wata bakwai yake tarawa. Mai jego tana shan kunun kanwa, tana cin ƙauri da yaji, a wasu wurare kuma tana kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Rana ta bakwai suna, wanzami ya yi aski, ya yi tsagar gidan.

Akwai alheri a ciki: kwana arba'in na hutu, abinci mai kyau, da mata kewaye da ita. Akwai kuma illa. Likitocin da suka yi bincike a Zariya a shekarun 1970 sun danganta yawan kumburi da ciwon zuciyar masu jego da haɗuwar kanwa mai yawa da zafin wanka da na gado. Askar da ba a tafasa ba, in ta taɓa cibiya, tana kawo ciwon da jariri zai sandare ya kasa kama nono cikin mako na farko ko na biyu, a ce iska ce ko tsuntsu. Dakashi, nonon farko, akan matse shi a zubar, alhali shi ne kariyar jariri. Naƙuda in ta yi tsawo babu abin yi sai rubutu da jiƙo, wani lokaci da yankan gishiri, wanda yakan bar mace da yoyon fitsari.

Me ya fi kashe yara?

Zazzaɓin damina, gudawa, ƙyanda, tarin shiƙa da agana. Sauro kowa ya san shi da cizo, ana korarsa da hayaƙi, amma ba wanda ya haɗa shi da zazzaɓi. Ko Turawa ba su tabbatar da haka ba sai 1897. Lokaci mafi hatsari shi ne yaye, wajen shekara biyu, in aka ɗauke yaro aka kai shi wurin kakarsa, ya bar nono ya koma koko da tuwo. Shi ya sa ake tsananta wa macen da ta yi rurrutsa, wato ta sami ciki tana goyo. Ana cewa nonon ne ya ɓaci, amma abin da yake faruwa shi ne an yaye yaro kafin ya yi ƙwari. Sunaye irin su Barau, Ajuji da Ayashe daga nan suka samo asali: uwar da 'ya'yanta suke ta mutuwa takan nuna kamar ba ta damu da wannan ba, ko ya tsaya.

Me ya sa manoma suke tsoron kurkunu haka, alhali ba ya cika kisa?

Saboda lokacin da yake zuwa. Ana shan sa ne a ruwan kududdufi ko tafki, ya yi kusan shekara a jiki ba a sani ba, sannan ya fito, yawanci a ƙafa, daidai da damina. Wurin ya yi ƙuna kamar wuta, mutum ya tsoma ƙafar a tafki don ya ji sanyi, tsutsar ta zuba 'ya'yanta a ruwan, na baɗi ya samu. Tsawonta yakan kai kamu biyu. Cire ta sai haƙuri: a naɗe kan a jikin tsinke, kullum a ja kaɗan, har makonni. Mai gaggawa in ya ja ta tsinke, ƙafar ta kumbura ta yi ruwa, wani gwiwar ta sandare har abada.

To, a lissafa gidan da yake da maza huɗu masu noma, biyu suna kwance daga noman fari har huɗa. Rabin gonar ciyawa ta cinye, kuma yunwar ba a wannan daminar za a ji ta ba, sai ta gaba. Ƙauyen da yake shan rijiya mai zurfi ya fi tsira daga wanda yake shan tafki. Tace ruwa da ƙyalle mai ƙaramin ido ya isa ya hana shi, amma ba a san hakan ba. Sai a 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi.

Agana, kuturta da makanta fa?

Agana da rani take yawo. Don tsoro ba a son kiran sunanta, sai a ce ado. Wanda ya tashi ya tashi da zanzana, wani da ido ɗaya, amma ba ta sake kama shi, shi ya sa irinsu ne suke jinyar masu ita. Hugh Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya ga makafi da yawa har da unguwarsu a cikin birni. Kutare da makafi kowanne da sarkinsu, kuma bara ita ce abin da jama'a ta tanadar musu. A ƙauye kuturu yakan zauna cikin danginsa, sai dai a ware masa ƙwarya.

In mutum ya kwanta, wa ake kira?

Tsohuwar gida tukuna. Ita ta san saɓara, marke don tari, ɓawon maɗaci don ciki da zazzaɓi, bagaruwa don gudawa, filasko don wankin ciki. In abin ya wuce ta, kowane ciwo da mai shi. Wanzami yana yin ƙaho: ya ɗora ƙahon ya zuƙe iska, ya cire ya yi tsaga da aska, ya mayar har jini ya taru. Shi ne mai kaciya, mai cire beli, mai sakiya in ƙurji ya nuna. Karaya ta maɗori ce, ya ja ƙashin ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure. A karayar da fata ba ta fashe ba sau da yawa yana dacewa. Inda ake asarar hannu ko ƙafa shi ne in ɗaurin ya yi tsanani, wurin ya kumbura jini ya kasa wucewa, yatsu su yi sanyi su yi baƙi.

Malam yana ba da rubutun sha, laya da tofi. Boka da 'yan bori suna nan, duk da cewa shugabannin jihadi sun yaƙi bori, a ƙauye dai bai mutu ba, musamman a tsakanin mata. Manyan malamai ma ba su raina magani ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan ciwon ido, basir da amfanin filasko. Iyali ba sa zaɓar ɗaya su bar saura, duk wanda aka ce ya iya sai a gwada.

Ba rediyo ba jarida, ta yaya labari yake yawo?

Kasuwa ce uwar labari. Kowane gari da ranar kasuwarsa a mako, mai jaki kuma yakan ci kasuwa uku ko huɗu kafin ya dawo gida, ya dawo da farashin gero, da inda ruwa ya sauka, da wanda ya mutu, da wanda aka tuɓe. A nan ake cigiyar jakin da ya ɓata. Umarnin sarki a takarda yake zuwa da hatimi, manzo a kan doki, malamin dagaci ya karanta, mai shela ya zaga gari. Ganin watan azumi da na salla ma haka yake isowa, wani lokaci bayan an riga an kai hantsi.

Na unguwa kuwa ba ya bukatar manzo. Guɗa daga wani gida ta isa a san an haihu ko an kawo amarya. Kalangun mahauta yana gaya wa kowa an yi yanka. Goron da aka raba shi ne gayyatar suna ko ɗaurin aure. Wanzami yana shiga kowane zaure, maroƙa suna bin kowane biki. Gaisuwa ma tambaya ce: ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa. Amsar dai "ruwa ya yi gyara" ce ko da gona tana ƙonewa, sai an zauna a kan tabarma ake faɗin gaskiya.

Labarin nesa fatake ne suke sauke shi a zango, da almajirai, da alhazan da suka tafi a ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur, waɗanda sukan yi shekaru kafin a sake jin ɗuriyarsu.

Matan da ba sa fita fa?

Sukan riga maza ji. 'Yar talla tana shiga gida goma kafin azahar, ta dawo da cinikin fura da kuma abin da ta gani a kowanne. Ga dillaliya, ga mai kitso, ga ungozoma. Da dare kuma mata suna fita unguwa, barka ko gaisuwar mutuwa ko dubiya. A ƙasar Sakkwato akwai wata hanyar: 'yan taru na Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Jaji, tsohuwa mai malfa, takan jagoranci mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su koyo waƙoƙin addini su dawo su koyar a gidaje.

Wane labari ne aka fi tsoro?

Hari. Kudancin Kano da gabashin Zazzau suna fama da Ningawa, Katsina da Zamfara da mayaƙan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri, arewacin Kano kuma da Damagaram. Mahara da rani suka fi zuwa, in rafuka sun ƙafe doki yana iya wucewa, kuma mutane suke nema da dabbobi. Shi ya sa ƙauyuka da yawa suke da ganuwa ko kafi da sarƙaƙiyar ƙaya, sarakuna kuma suka kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka. In aka ji kururuwa ko ganga, na gona ya yar da fartanya ya nufi gari, mata su ɗauki yara. Wanda aka kama, danginsa su shiga bin sawu da tara kuɗin fansa, wani a same shi, wani shi ke nan.

Wannan tsoro shi ya sa gonakin kusa da ganuwa suke shan taki ana noma su kowace shekara, ga daji mai kyau can nesa ba mai zuwa. Ƙarshen ƙarnin ya zo da nauyi biyu: bushiya ta karkashe shanu wajen 1890 zuwa 1891, taki da nono suka yi wuya, sannan Yaƙin Basasar Kano tsakanin Tukur da Yusufawa, daga 1893, ya tashi garuruwa da dama.

In maƙwabta suka saɓa, ina ake kai ƙara?

Yawancin rigimar ba ta wuce uku: iyakar gona, ɓarnar dabba, da aure. Iyaka da gamba ake shata ta ko da itace, wanda ya ci kunyar gona ɗaya bana ya ci ɗaya baɗi, dattawan da suka san wurin ne za su zo su tsaya. Da shuka ta fito ake shelar kowa ya ɗaure akuyarsa, shanu kuma su bi burtali. In an yi ɓarna, a je a duba a kimanta. Daga dattawa sai mai unguwa, sai dagaci. Alƙali a babban gari yake, wurinsa ake kai rabon gado, kisa, saki mai gardama da rigimar bawa da ubangijinsa.

Yaushe gandu yake watsewa?

Yawanci bayan rasuwar uba. In 'yan'uwan uwarsu ɗaya, babban wa yakan riƙe su wasu shekaru. In 'yan uba ne, da wuya a kai kaka biyu. Sai a kira malam ko alƙali a raba, namiji kashi biyu mace kashi ɗaya, ko da yake a ƙauyuka da yawa gonar a hannun maza take zama, a ba mata nasu a dabba ko hatsi. Kowa ya ja danga a tsakar gidan, ya kafa murhunsa, ya gina ɗan rumbunsa. Wanda rabonsa bai isa ba ya je wurin dagaci ya roƙi daji ya sassabe, ko ya karɓi aro ko jingina, ko ya ɗauki matarsa da jakinsa ya koma wani gari inda ake neman hannu.